Bazden uwargida a sahara: Agadas, Marzuga, AlUla ko Siwa?

Tun da muka dawo daga Masar mutane ke bina a WhatsApp wai ya akai na zaɓi inda na kai uwargida bazdenta, wasu ma cewa suke meye abin kallo a yashi tunda mu a Daura iskar hunturu har cikin ɗaki take kawo mana shi. Wallahi ba ɗaya bane, tudun rairayin da ya fi bene tsawo da shirun da ake ji da daddare a can, sai wanda ya je. Wurare huɗu na auna kafin in biya ko sisi, kuma abin da na fi dubawa shine awa nawa za mu kwashe a mota, don ba na so ranar haihuwarta ta ƙare tana jigum a kujerar bas ƙafa ta kumbura.

Agadas ce ta fara zo mani a rai don ita ce tamu. Daga Daura ka fita ta Kongwalam, ka ratsa Damagaram da Tanut ka isa, ba jirgi ba tafinta, Hausa za ka yi ta yi a kasuwa da sefa a aljihu. Ga hasumiyar babban masallacin nan ta laka mai tsawon mita 27, tsohon garin ma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 2013, ga maƙeran Buzaye da ke ƙera sarƙar azurfa wadda ita kanta ta isa kyautar bazde. A kuɗi ba wadda ta kai ta sauƙi. Amma tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS hanyar ta ƙara nauyi, ga batun tsaro in za a fita bayan gari wajen tuddan, ni dai zuciyata ba ta kwanta in ɗauki ɗiyar mutane in bi da ita ba. In kana da dangi a can da za su tarbe ku, to wannan wata magana ce.

Marzuga a Maroko ita ce mai hotunan nan da kuke gani a Instagram, raƙuma a jere rana na faɗuwa, tuddan Erg Chebbi wasu sun kai mita 150. Matsalar nisa, sai ka gangara Abuja ko Legas ka hau jirgin Kasablanka, ka wuce Marakash, sannan a ɗebi awa tara zuwa goma a mota ana hawa duwatsun Atlas ana kwana-kwana. Kuma a kula, wasu ejan za su ce maka sahara ce kusa da Marakash ko awa ɗaya ba a yi, Agafay suke nufi, wurin da kyau amma tsakuwa ce da fako ba rairayi ba, ka tambayi sunan wurin ɓaro-ɓaro kafin ka tura kuɗi.

AlUla kuwa ta masu hali ce, otal ɗin can akwai tsada sosai. Daɗinta za ku iya haɗawa da Umra don tana arewa da Madina da kilomita 300 da wani abu. Sai dai a nan ne Mada'in Salih take, garin Samudawa, kuma hadisi ya inganta cewa Annabi (SAW) ya hana shiga wurin sai ana kuka, don haka ka zauna da malaminka tukunna. Uwargida tana jin haka ta ce a cire.

Siwa muka je. Ƙaramin gari ne a yammacin Masar kusa da iyakar Libiya, dabino da zaitun ta ko'ina. EgyptAir na tashi daga Kano zuwa Alƙahira kai tsaye, wannan ya rage mana wahala sosai, sai dai daga Alƙahira akwai tafiyar awa goma ko fiye, mu bas ɗin dare muka bi muka yi barci a ciki gari na wayewa muna isa, shi yasa na ce kar ka je da ƙasa da kwana biyar, kuma ka sa ranar bazden ta faɗo a tsakiya. Abin da ya ja ni shine mutanen garin masu kunya ne, matansu a lulluɓe suke, ba wanda zai kalli hijabin matarka sau biyu. Akwai tsohuwar ganuwar Shali da aka gina da gishiri da laka, sai kuma tafkunan gishiri. Madam ba ta iya ruwa ba ko kaɗan, ta riƙe hannuna gam tana cewa "Abban Ummi kar ka sake ni", da ta kwanta sai ruwan ya ɗago ta sama kamar ƙwarya, dariyar da ta yi ranar na daɗe ban ji irinta ba. Ku tafi da jarkar ruwan daɗi na ɗauraya, kuma in akwai yankan wuƙa a yatsa gishirin zai yi zafi ba wasa.

Duk wanda ka zaɓa ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da zafi wurin ba ya zaunuwa, amma ku ɗauki rigar sanyi mai kauri da safa don sanyin dare a tanti ya fi na hunturunmu cizo. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, biza da katin rigakafin shawara su zama a hannu kafin ka sayi tikiti. Ka tambayi ejan ko tantin da banɗaki a ciki, ko motar shiga rairayi taku ce ku biyu ko haɗa ku za a yi da baƙi, kuma ko kuɗin takardar izinin shiga saharar na cikin abin da ka biya. Kek ɗin ma ka faɗa ma mai otal tun kwana biyu kafin ranar, namu a kwali direba ya riƙo shi har kan tudu.