TP-Link RE305: yana kai wifi lungun gida, amma ba ya gyara reso

Mai shago zai ce maka wannan na'ura tana ƙara gudun intanet. Ba haka ba ne. Abin da akwatin wifi ɗinka ya samu daga Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, shi RE305 zai ɗauka ya miƙa gaba. In mega 5 ke shigowa gida, mega 5 ne iyakarsa, sau da yawa ma ƙasa da haka. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi, tsaya da salularka dab da akwatin ka gwada gudun da manhajar Speedtest. In a nan ma yana jan ƙafa, matsalar ta reso ce. Ka matsar da akwatin kusa da taga, ka bar kuɗinka a aljihu.

Inda yake da amfani shi ne gida irin namu na Maradi: akwati yana falon maigida, ɗakunan iyali suna can bayan tsakar gida, ga bangon bulo ko na ƙasa mai kauri, ga ƙofofin ƙarfe. RE305 yana aiki a zango biyu. Na 2.4 GHz, wanda aka rubuta masa mega 300 a kwali, ya fi ratsa bango. Na 5 GHz an rubuta masa 867, ya fi gudu, amma bango biyu na siminti sun isa su karya shi. Lissafin kwali dai na kwali ne, babu gidan da zai gan shi. Kuma in na'urar tana karɓa tana kuma miƙawa a zango ɗaya, gudun yakan ragu kusan rabi, don ba ta iya saurare da magana a lokaci guda. Ƙananan akwatunan wifi na aljihu masu batir, wato MiFi, da yawa 2.4 kaɗai gare su, suna da iyakar mutanen da za su hau, wasu kuma suna yin barci in an daɗe ba a taɓa su ba. Mai irin wannan ba ya bukatar RE305, ƙaraminsa TL-WA850RE ya wadatar.

Haɗawa ba wuya. A fara jona RE305 a ɗaki ɗaya da akwatin, a jira fitilar wuta ta tsaya. A danna maɓallin da aka rubuta wa WPS a akwatin, sannan a danna na RE305 cikin minti 2. In akwatin ba shi da WPS, a shiga wifi mai suna TP-Link_Extender, a buɗe manhajar Tether ko adireshin tplinkrepeater.net, a zaɓi wifi na gida a sa kalmar sirrinsa. Harafi ɗaya in ya kuskure, salula za ta kama sabon wifi amma babu abin da zai buɗe.

Wurin ajiye shi ne ke ɓata wa mutane aiki. Sai a kai shi ɗakin da wifi ba ya zuwa, a ga sanduna sun cika a salula, amma bidiyo yana ta juyi. Sandunan ƙarfin RE305 suke nunawa, shi kuwa abin da yake samu daga akwati bai taka kara ya karya ba. Mazauninsa tsakiyar hanya ne, inda salula ke nuna sanda uku na wifi na asali. Fitilar sigina shuɗiya na nufin wurin ya yi, ja na nufin a dawo da shi baya. Baranda mai rufi da ke fuskantar tsakar gida ta fi cikin ɗaki, a sama kamar tsayin kafaɗa, eriya biyun a tsaye, nesa da firiji da tankin ruwa. Kada rana ko feshin ruwa su same shi, kayan cikin ɗaki ne, kuma zafin watan Afrilu a nan ba wasa ba.

A duba ƙafafun fulogi kafin a biya. Kayan da suka biyo ta Kano galibi ƙafa uku ne irin na Ingila, alhali soket ɗin gidajenmu mai rami biyu zagayayyu ne. Adafta mai sako-sako tana sa shi mutuwa yana tashi. Ba shi da batir kuma: in an ɗauke kuran, MiFi zai ci gaba, shi zai yi shiru, sai dai in yana kan layin sola. Ba ya manta saitinsa in wuta ta dawo.

Yana da ramin kebul guda ɗaya, wanda ba ya wuce mega 100. Ya isa telebijin ko kwamfuta. Amfaninsa mafi girma shi ne ga gida mai sassa da yawa ko bene mai dakalin siminti da rodi, inda iska kaɗai ba za ta kai ba. A ja kebul Cat6 daga akwati, ana iya kai shi har mita 100, a sa shi cikin bututun roba saboda rana da ɓera, a juya RE305 zuwa yanayin Access Point a cikin Tether, wato ya riƙa karɓar intanet ta kebul yana watsa wifi. A haka ragin rabin nan ya kau. Sharaɗin kawai akwatin ya kasance yana da ramin LAN, wato na kebul, wanda yawancin MiFi na aljihu ba su da shi.