Yorkshire Pudding: Babba Ɗaya Ko Ƙanana Da Yawa?

A Ingila, gasasshen naman sa na ranar Lahadi ba ya cika sai da Yorkshire pudding, wani gasasshen kwaɓin fulawa da ake ci da romo. Kwaɓinsa ba wuya: fulawa, ƙwai da madara awo ɗaya-ɗaya, ɗan gishiri, a bar shi ya huta ko da minti 30. Inda ra'ayi ya rabu shi ne kwanon gashi.

Tsohon salo shi ne babban tire guda. A ƙarni na 18 akan ajiye shi ƙarƙashin naman da ke gasuwa, kitse na ɗiga a kai. A al'adar arewacin Ingila ma shi ake fara ci da romo kafin a kawo nama, don ciki ya ɗauka, naman ya ishi kowa. Gefensa yakan tashi ya yi ƙamas-ƙamas, tsakiyar ta kwanta da laushi tana shan romo.

Ƙananan kuwa a kwano mai ramuka ake zuba su, irin tandar masa. Kowanne ya kumbura ya bar rami a tsakiya, wurin zuba romo kenan, cikin minti 20 zuwa 25 sun gasu. Sai dai ba sa son sakaci. Obin ya kai digiri 220 a ma'aunin Celsius, man da ke cikin ramukan ya yi zafi har ya fara hayaƙi, kwaɓin ya yi cuuu da ya taɓa shi. Wanda ya buɗe obin da wuri zai tarar sun lotsa.

Ni dai babban na fi so, da kitsen shanu maimakon man gyada. Ranar da baƙi suka yi yawa kuwa, ƙananan sun fi sauƙin rabo, kowa ya ɗauki nasa.