Shafin Living Room Candidate: na kalli tallar Willie Horton da idona, ga abinda na gani

Abinda ya kaini shafin nan gardama ce da dan yayata, yaron yana karatun aikin jarida, yazo gida hutu muna zaune bayan isha'i ana hirar siyasar Amurka sai yace wai duk maganar wariyar launin fata da ake yi a kan tallan kamfen dinsu zuzutawa ce kawai ta 'yan jarida, dan siyasa ko ina neman kuri'a yake. Nace masa kai ka taba kallon tallar Willie Horton kuwa, wadda akayi a zaben shugaban kasar Amurka na 1988 kan wani fursuna bakar fata? Yace Kawu a littafi na karanta. Toh nima gaskiya a lokacin labarinta kawai nake ji, ban taba ganinta ba, shine muka shiga nema har muka fada wannan shafi mai suna The Living Room Candidate.

Gidan adana kayan tarihin fim da talabijin ne na Museum of the Moving Image dake unguwar Astoria a birnin New York ya bude shi. Kyauta ne, ba rajista ba komai, ka shiga kawai ka fara kallo. Sun tara tallan talabijin na 'yan takarar shugaban kasar Amurka tun daga 1952 lokacin Eisenhower da Stevenson har zuwa zabukan baya bayan nan, sun fi dari uku. Kowane zabe da shafinsa, ka danna shekara sai ka ga 'yan takara gefe da gefe, da dan bayanin halin da kasar take ciki a lokacin, da taswirar jihohin da kowa yaci. Sannan kana iya bi ta batu, kamar yaki ko haraji ko tallafin gwamnati ko hakkin 'yan kasa, ko kuma ta salon tallar, akwai ma rukuni guda na tallan tsoratarwa. Abinda yafi burgeni shine kowace talla da rubutun kalmominta, domin turancin Amurkawan nan da sauri yake fita, in kunne ya kasa kamawa ido ya karanta.

Muka danna 1988, Bush uba da Michael Dukakis gwamnan Massachusetts. Tallar bata wuce dakika talatin ba. Ba kida ba ado, hoton Bush, hoton Dukakis, sai murya tana cewa Bush na goyon bayan hukuncin kisa shi kuma Dukakis baya so, har ma yana barin masu kisan kai su fita hutun karshen mako daga gidan yari. Kawai sai ga hoton wani bakar fata, Willie Horton din kenan, ya cika allo, irin hoton da 'yan sanda ke dauka, gemu buzu buzu gashi a hargitse ido a lumshe, ana jero laifukansa kalmomin suna fitowa daya bayan daya, garkuwa, daba wuka, fyade. Wallahi a duk tsawon tallar ba wanda ya furta kalmar baki ko fari, ko sau daya. Amma da ta kare dan yayan nan nawa yayi shiru ya karbi wayar ya sake kunnawa, ya tsayar da ita daidai kan hoton ya jima yana kallo, sannan yace Kawu ai basu bukatar su fada.

Ni dai bana so a dauka ina wanke mutumin. Laifinsa gaskiya ne kuma mummuna ne. An daure shi rai da rai a jihar Dukakis ta Massachusetts kan kisan wani matashi a gidan mai a 1974, aka barshi ya fita hutu a 1986 bai dawo ba, a 1987 ya afkawa wani mutum da matar da zai aura a jihar Maryland, ya yanki mijin ya yiwa matar fyade. Duk wanda yace kada a tambayi gwamna yadda akayi haka ta faru bai yi adalci ba, kuma ma Al Gore dan jam'iyyar Dukakis din shi ya fara tado batun hutun fursunonin a muhawarar fidda gwani, sai dai shi bai kira sunan kowa ba bai nuna hoton kowa ba. Matsalar tana wajen zabin da akayi. Shirin hutun nan tun 1972 aka fara shi lokacin gwamna Francis Sargent dan Republican, wannan tallar bata fada ba. Sunan mutumin William, shi da bakinsa yace ba'a kiransa Willie, 'yan siyasa ne suka lika masa. Kuma duk wanda ya san tarihin kudancin Amurka ya san mutum nawa aka rataye a bishiya kan zargin bakar fata ya taba farar mace, tsohon tsoro ne aka tono aka sa masa fuska.

Inda shafin yayi min amfani sosai shine ya nuna wanda ya biya kudin kowace talla. Ta Horton ba ofishin kamfen din Bush ne ya fitar ba, wata kungiya ce ta gefe mai suna National Security PAC, saboda haka da Jesse Jackson mai fafutukar hakkin bakaken fata da Lloyd Bentsen dan takarar mataimakin Dukakis suka fara cewa akwai wariya a ciki sai mutanen Bush sukace ba tamu bace. Tasu ta ofis tana nan a shafi daya, ba kala aka dauketa, fursunoni a layi suna shiga wata kofa mai juyawa suna fitowa, yawancinsu ma fararen fata ne kuma ba'a ambaci Horton ba. Amma in ka kalli biyun a jere kamar yadda mukayi zaka ga yadda daya ke dafawa daya, ta farko ta riga ta ajiye fuskar a ranka, ta biyu kofar kawai take nuna maka kai ka cike sauran. Dukakis da yake gaba da maki 17 a kuri'ar jin ra'ayi bayan babban taron jam'iyyarsa, karshe Bush ya lashe jihohi 40. Ba tallar kadai ta kada shi ba, amsar da ya bayar a muhawara da Bernard Shaw na CNN ya tambaye shi me zai ce game da hukuncin kisa in matarsa aka yiwa fyade aka kashe, ya amsa a sanyaye kamar yana karanta takarda, itama ta cuce shi. Lee Atwater da ya jagoranci kamfen din Bush, wanda yace sai ya maida Horton tamkar abokin takarar Dukakis, ya nemi afuwar Dukakis a 1991 yana kwance da ciwon daji a kwakwalwa dab da rasuwarsa.

Daga nan fa dare ya tafi, data na ta zuba muna ta dannawa. Mun leka 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King birane suka kama da wuta, tallan Nixon hotuna ne a tsaye suna wucewa da sauri, tarzoma, gini na ci da wuta, 'yan sanda, ana ta maganar doka da oda, ga kuma George Wallace dan takara na uku wanda shi a fili yake goyon bayan raba baki da fari har yaci jihohi 5. Mun kalli ta McCain ta 2008 da aka hada Obama da Britney Spears da Paris Hilton ana cewa shahara ce kawai gare shi. Anan ni da yaron muka rabu, shi yace itama wariya ce tunda an jera bakar fata da fararen 'yan mata biyu, ni kuma nace wannan tafi kama da raini da son a nuna shi ba nauyi, ban ga ta kai ta Horton ba ko kusa. Har yanzu bamu daidaita ba, kuma shafin baya yanke maka hukunci, bayaninsa gajere ne, kayan yake baka kai ka auna.

Sai dai mutum ya san me zai samu da me bazai samu ba. Komai da turanci ne, wanda baya ji sai ya nemi mai fassara masa. Tallan shugaban kasa kadai ne, don haka irin tallar Sanata Jesse Helms ta 1990 mai nuna hannun farar fata yana dunkule takardar hana shi aiki, tana waje tunda takarar majalisa ce. Kuma ba ma'ajiyar muhawara bace, wanda yake neman inda Kamala Harris ta tsare Biden kan batun jigilar 'yan makaranta a bas don cakuda baki da fari a makarantu, a 2019, ko inda Trump yace 'yan Haiti na cin karnuka da kuliyoyin mutane a Springfield ta Ohio ranar 10 ga Satumba 2024 har mai gabatarwa na ABC yace hukumomin garin sun ce ba wani sahihin rahoto, sai ya nufi tashar talabijin ta C-SPAN ko YouTube. A waya ma rubutun yana kankancewa, a kwamfuta yafi dadin kallo, in da hali a samu wifi.

Abinda ya tsaya min a rai da muka rufe shine mu namu fa ina suke. Ina tuna tallar da Ayo Fayose ya saka a shafin farko na jaridu a Janairun 2015, hotunan Murtala da Abacha da Yar'adua da suka rasu kan mulki sannan hoton Buhari a gefe da alamar tambaya, duk 'yan arewa, akayi ta hayaniya kwana biyu aka manta. Yaron nan yana firamare a lokacin, da na bashi labari sai da muka sha wahala kafin muka samo hoton a intanet, shima duk ya dushe. Ya koma makaranta yanzu, ya turo min sako wai ya kaiwa malaminsa maganar yin aikin karshe a kan tallan zaben 2015 da 2023, yana tambaya ko ina da tsofaffin jaridu a ajiye, nace yazo akwai kwali biyu a saman wadirob.