Hattara da masu tallan ɗame fatar cinya "ba yanka, ba tabo"

Jama'a, wanda ya rage ƙiba mai yawa, ko da motsa jiki ko da tiyatar rage ciki, yakan tarar fatar cinyoyinsa ta saki, tana gugar juna har ta yi gyambo. Wannan damuwar ce 'yan damfara suka mayar hanyar cin abinci a Instagram da TikTok da WhatsApp.

Zaren da ke ba fata ƙarfi da ɗamewa yana can ƙasan fata, kuma idan ƙiba ta daɗe tana miƙa shi, ya lalace ke nan. Babu man shafawa ko shayi ko ɗamarar roba da ke gyara shi. Injinan ɗumama fata suna ɗan taimaka wa wadda ta saki kaɗan, amma fatar da ke reto sai an yanke ta. Masu allurar narka kitse ma a bi su a hankali: hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan allura a 2015 don kitsen ƙasan haɓa ne kawai, ba cinya ba. Ko da ta narkar da kitsen, fatar ƙara saki za ta yi. Haka zuƙe kitse shi kaɗai.

Babbar damfarar ita ce ta dillalai masu haɗa tikitin jirgi da otal da tiyata a kuɗi ɗaya. Za su turo hotunan "kafin da bayan", galibi na sata, ko waɗanda aka ɗauka ta gefen da tabo ba ya fitowa. Sai su ce rangwame zai ƙare gobe, a turo kafin alƙalami. Ka nemi sunan likitan, a yi ta kewaye-kewaye. Wasu ba sa ganinsa sai safiyar aiki, wasu kuma wani ne daban zai riƙe wuƙar bayan sun yi barci.

Tiyatar gaskiya tana ɗaukar awa 2 zuwa 3, yawanci da allurar barci. Idan fatar kaɗan ce kuma a sama take, a matsematsi ake yanka. Idan ta sauko ƙasa, yankan zai bi cikin cinya tun daga matsematsi har gwiwa, kuma tabon na har abada ne. Duk wanda ya ce zai cire fata mai yawa da ɗan ƙaramin yanka, ƙarya yake. Ƙwararre yakan ɗinke fatar a jikin tantani mai ƙarfi da ke ƙasa, dabarar da likita Ted Lockwood ya bayyana a 1988. Idan ba a yi haka ba, nauyin cinya zai ja tabon ƙasa, a wajen mace kuma yana iya jan fatar gabanta ta buɗe. Dillali ba zai taɓa ambaton wannan ba.

Wurin nan yana da wuyar warkewa ko a hannun gwani, saboda gumi da motsi da kusanci da al'aura. Ɗinki kan buɗe, musamman inda yanka biyu suka haɗu. Ruwa kan taru ƙarƙashin fata, sai an zuƙe shi da sirinji. Idan aka yi zurfi a wajen kaluluwa aka yanke hanyoyin ruwan jiki, ƙafa kan kumbura, wani lokaci ba ta komawa. To wa zai duba ka idan haka ta faru bayan ka sauka gida, lambar dillali kuma ta daina shiga?

Likitan kirki ba ya gaggawa. Zai so nauyinka ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata 6, wanda aka yi wa tiyatar rage ciki kuwa sau da yawa sai bayan wata 12 zuwa 18. Zai auna jini da sukari, ya duba ko jiki na samun furotin isasshe, ya hana shan taba mako 4 zuwa 6 kafin aiki. Zai gaya maka za a iya sa robar fitar da ruwa, kuma za ka sa wando mai matse cinya na makonni. Wanda ya ce zai haɗa ciki da hannaye da ƙirji da cinya a zama ɗaya, ka kama jirgi bayan kwana 5, kuɗinka yake so.

Kafin ka biya ko sisi, nemi cikakken sunan likitan, ka duba shi da kanka a rajistar hukumar likitoci ta ƙasar da yake aiki, ka tabbatar ƙwararre ne a tiyatar gyaran jiki. Ku yi magana ido da ido. A rubuta wanda zai ɗauki kuɗin gyara idan ɗinki ya buɗe, kuma a biya asibiti kai tsaye, kada a tura asusun mutum. Wanda an riga an yi masa aikin, idan ya ji ciwo da kumburi a sha-raɓa ɗaya, ko numfashi na sarƙewa, ko zazzaɓi, ya nufi sashen gaggawa nan take. Gudan jini ne ake tsoro, kuma doguwar tafiyar jirgi na ƙara haɗarinsa.