Makarantar tuƙi da gwajin VIO a Katsina lokacin korona

Masu tambayata labarin makarantar da na koyi mota sun yi yawa, musamman 'yan uwana mata da muke koyarwa tare, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Ba zan kama sunanta ba. Tana dai cikin garin Katsina, kuma tana cikin waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta yi wa rajista. Na shiga a ƙarshen 2020, na yi gwaji a farkon 2021, daidai lokacin da korona ta dawo zagaye na biyu, hunturu kuma ya kankama.

Zancen rajistar nan shi ne abu na farko da za ki bincika kafin ki biya ko sisi. Mai neman lasisi karon farko, wanda ya kai shekara 18, dole sai ya bi ta makarantar da hukuma ta amince da ita, ya yi darasi 26, a ba shi takardar shaida. Da ita zai je wurin jami'an VIO, wato masu duba lafiyar motoci da gwada direbobi, su gwada shi a kan titi. Kuɗin lasisi kuwa hukumar tattara haraji ta jiha ke karɓa, sannan FRSC ta ɗauki hoto da zanen yatsu, a lokacin kuma takan ba da lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito. In makaranta ba ta cikin tsarin, ko kin iya tuƙi kamar direban tasha, takardarta ba za ta kai ki ko'ina ba. Ta wannan fuskar makarantarmu ba ta da matsala.

To amma tsakani da Allah, a lokacin da na shiga, tsoron da aka ji a watan Afrilun 2020, sa'ad da cutar ta ɓulla a Daura aka rufe garin, daga baya aka rufe Katsina, ya riga ya gushe. Takunkumi ya koma haɓa ko aljihu. Makarantar ma haka na same ta. Akwai bokitin wanke hannu mai famfo a bakin ƙofa, amma sau da yawa ba ruwa a ciki, na'urar auna zafin jiki kuma tana kan tebur an ɗora ta a kan rasit don kada iska ta kwashe su. Ko da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta tilasta sa takunkumi a watan Janairun 2021, abin da ya canza kawai shi ne an manna takarda a bango.

Abin da ya sa ban nemi kuɗina ba shi ne malamin da aka haɗa ni da shi, wani dattijo tsohon direban doguwar hanya. Shi ya gane abin da ofishin bai gane ba. Tazarar mita biyu da ake ta faɗa a rediyo ba ta yiwuwa a cikin mota, kafaɗarki da ta malami ko kamu biyu babu a tsakani. Cutar kuma a numfashi take tafiya, in gilasai na rufe sai ta taru, esi kuwa in an sa shi yana juya iskar ciki, ita ɗin dai za ku yi ta shaƙa. Saboda haka dokarsa guda ce: kafin a murɗa makulli, a sauke gilasai huɗun nan. Ranar farko na ce, "Baba, sanyi fa, ga ƙura." Ya ce, "Hajiya, ƙurar Katsina mun san maganinta. Ki zo da suwaita gobe."

Ya kuma hana abin da aka saba, wato a jera ɗalibai uku a baya suna jiran layi, in wannan ya sauka wancan ya karɓi sitiyari. Shi ɗalibi ɗaya yake ɗauka, sauran su jira a inuwa. Tsakanin ɗalibi da ɗalibi yana goge sitiyari, kan giya, birkin hannu da maɗaurin bel da ƙyalle mai sinadari, abin da bai fi minti ɗaya ba. Sauran motocin makarantar kuwa ina ganinsu a Ring Road maƙil da mutane, gilashi a rufe ruf. Ashe tsarin na mutum ɗaya ne, ba na makaranta ba.

Sai dai buɗe gilashi da takunkumi suna da nasu wahalar, kuma a nan ne koyarwarsa ta biya ni kuɗina. Ni mai tabarau ce. Da sanyin safiya, numfashi ɗaya zan yi ta cikin takunkumi tabarau ya yi fari fat, ga ni a bakin shataletale. Ya nuna mini in nemi takunkumi mai 'yar waya a sama, in matse ta a karan hanci, in ɗora tabarau a kan takunkumin maimakon ƙarƙashinsa, in kuma gyara komai tun mota na tsaye. Hannu ba ya barin sitiyari don gyaran fuska. Ga kuma hayaniya: a titin IBB, tsakanin hon ɗin 'yan acaba da Keke Napep, muryar da ta fito ta cikin ƙyalle ba ta isowa kunne. Don haka ya saba mini da alamar hannu, ya nuna dama ko hagu tun da nisa, in ya bugi gaban mota da tafin hannu kuma birki ke nan.

Ranar gwaji jami'in VIO ya zo da takunkuminsa, ya zauna gaba, bai ce uffan ba da ya ga gilasai a sauke. Ya fara da tambayata alamomin hanya, sannan tayar da mota, ribas tsakanin alamomi biyu, sai muka hau titi muka zaga shataletale. Da ya ba da umarnin farko ban ji sosai ba, na ce, "Yallaɓai, a ɗan ɗaga mini murya, iska na kwashe maganar." Ya ɗaga, ya haɗa da nuni. Wata shawarar malamina ta yi mini rana a nan, kuma mata su riƙe ta. Mai gwaji yana so ya tabbatar kina duba madubi, amma da hijabi da takunkumi da tabarau ba ya ganin inda idonki ya nufa. Sai ki juya kanki sosai yadda zai gani, kafin sigina, kafin birki, kafin ki bar gefen titi. Na ci, alhamdu lillahi.

Wurin ɗaukar hoto a FRSC, a lokacin dole ne a cire takunkumi na ɗan lokaci, kuma gilashin da ake ɗora yatsu kowa shi yake taɓawa. Ki je da sassafe da 'yar kwalbar sinadarinki a jaka.

Abu biyu ne suka ɓata mini rai da ofishin makarantar. Akwai makon da mura ta kama ni, malam da kansa ya ce in zauna gida har in warke. Da na dawo sai na tarar magatakarda ya lissafa kwanakin a cikin darussan da na ci, sai da dattijon ya shiga maganar aka mayar mini. Makarantar da ke cin kuɗin wanda ya zauna gida saboda tari, ai ita ke turo masu tari cikin mota. Na biyu, tun ranar rajista wannan magatakardan ya raɗa mini cewa in ina gudun cuɗanya da mutane, akwai yadda za a yi takarda ta fito ba tare da na wahala ba, in dai zan ƙara wani abu. Har da korona ya kafa mini hujja.

In za ki shiga, kada ki biya sai kin ga motar da idonki, kin tabbatar gilasanta na baya suna sauka, domin ɗaya daga cikin motocinsu abin sauke gilashinta ya lalace. Ki nemi a rubuta miki a rasit cewa ranar rashin lafiya ba ta cikin lissafi. Lokacin hunturu kuma ki zaɓi darasin ƙarfe goma maimakon na bakwai, sanyi ya ragu, masu kai yara makaranta sun bar titi.