Bakod, DataMatrix ko RFID: wanne za ku saya wa ɗakin haɗa maganin nukiliya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan gilashin dalma da sassafe yana haɗa alluran nukiliya, wato magunguna masu radiyeshon da ake yi wa mara lafiya don ɗaukar hoton cikin jiki, ya san abin da nake nufi. An tatsi janaretan, wato na'urar da ke samar da sinadarin radiyeshon ɗin, teknishiyam (Tc-99m) ya fito, ka zuba a kwalbar MDP na hoton ƙashi, ka zuba a ta MIBI na zuciya, ga DTPA na ƙoda a gefe. Ka ja su a sirinji, dukkansu ruwa ne garau babu kala babu wari, kuma kowanne ya shige cikin kwanson dalma ko tungstin inda ido ba ya gani sosai. To matsalar ita ce na'urar auna ƙarfin maganin ba ta san bambancinsu ba, ita dai teknishiyam take gani, za ta ce maka 740 MBq ne (MBq ma'aunin ƙarfin radiyeshon ne), ba za ta taɓa ce maka wannan na ƙashi ne kana shirin yi wa mai ciwon zuciya ba. Abin da ya rage tsakanin mara lafiya da kuskure shi ne ƴar sitikar nan, da idon ma'aikacin da ya fito tun asuba.

Shi ya sa nake ganin duk sashen da ya samu kuɗin gyara, ya fara da lakabin da na'ura ke karantawa kafin komai. Amma kar ku yi zaton kamfani zai kawo muku shi a shirye. A Amurka dokar bakod ta 2004 ta FDA, hukumar kula da magunguna ta can, ta cire magungunan nukiliya daga ciki, dokar bin sawun magani ta 2013 ma haka, a Turai kuma tsarin hana jabun magunguna da ya fara aiki a 2019 ya yafe wa janareta da kit, wato kwalaben irin su MDP da ake zuba teknishiyam a ciki. Ko da ma ba su cire ba, allurar ai a ɗakinku ake haɗa ta, don mutum ɗaya, don awa ɗaya. Ku ne za ku buga sitikar da kanku.

Na farko shi ne bakod ɗin layi-layi, irin na jikin kwalin sabulu a kanti. Shi ne mafi araha, kowace sikana na karanta shi. Sai dai ba ya ɗaukar bayani da yawa, idan ka ce sai ka cusa masa sunan magani da lambar haɗi da lokaci sai ya yi tsawo, ga sirinji siriri ne mai lanƙwasa, kana naɗe sitikar layukan sun zagaya baya, sikana ta yi shiru. Sai ka ga ma'aikaci yana jujjuya sirinji mai radiyeshon a hannunsa yana neman ƙarar ƙit, kuma duk daƙiƙar da ya ƙara yatsunsa ne ke sha. Ni dai ban ba da shawararsa ba sai in a jikin takardar aiki ce ko akwatin ɗauka.

Na biyu DataMatrix na tsarin GS1, ƙungiyar da ke tsara lambobin bakod a duniya, ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da bai kai farcen babban yatsa ba, kuma gaskiya shi nake so. Yana ɗaukar lambar magani, lambar haɗi, lambar wannan sirinjin shi kaɗai, kuma GS1 na da gurbi na musamman, 7003, na ranar lalacewa haɗe da awa da minti. Wannan gurbin kar ku raina shi. Maganin kemis shekaru yake yi, namu kuwa Tc-99m duk awa 6 rabin ƙarfinsa ya tafi, 740 na ƙarfe takwas na safe ya koma 370 da biyun rana, FDG ma, wani maganin hoton da ake yawan amfani da shi wajen kansa, minti 110 kacal. Lakabin da ya san rana bai san awa ba bai da amfani a nan. Sannan ko gefensa ya ɗan goge yana iya karantuwa saboda an gina shi da gyaran kuskure a ciki. Abin lura ɗaya, tsohuwar sikana mai jan layin lesa ba ta karanta shi, sai mai kyamara, to in mai sayarwa ya ce muku ku bar tsofaffinku za su yi, ku ce ya gwada a gabanku. QR ma yana aiki amma ya fi cin wuri, kuma DataMatrix ne aka saba da shi a harkar magani, NAFDAC ma tsarin GS1 ta ɗauka wajen bin sawun magani a Najeriya, gara ku bi hanyar da kowa ke bi.

RFID kuwa, lakabin da ake karantawa ta igiyar rediyo, shi ne wanda ƴan talla suka fi zuzutawa, wai ba sai ka haska ba, kana wucewa ya karanta. Eh haka ne, amma igiyar rediyo ba ta ratsa ƙarfe, mu kuma komai namu a cikin dalma yake. Sai dai a manna irin na musamman da aka yi don jikin ƙarfe a bayan kwanson, to kun ga kwanson kuke bi ba sirinjin ba, in an saka wani sirinji a kwanson wani na'ura za ta ce lafiya lau. Ga tsada. Wurinsa shi ne bin akwatuna tsakanin ɗakin haɗi da asibitoci, in cibiya ce babba mai rarrabawa. Sashe ɗaya mai na'urar ɗaukar hoton nukiliya ɗaya ko biyu, irin yadda ake da su a ƙasashenmu, bai buƙatarsa.

Yanzu ga inda mutane ke asarar kuɗi: su sayi firinta da sikana masu kyau, su manta da manhaja. Lakabi shi kaɗai ba ya hana komai. Abin da ke hanawa shi ne a haska lakabin da aka ɗaura a hannun mara lafiya, a haska sirinji, kwamfuta ta duba ta ga likita hoton ƙashi ya rubuta amma wannan MIBI ne, ta yi ja ta ƙi wucewa. Ko ta lissafa ta ce lokacinsa ya wuce. Ku tambaya ko tana karɓar ƙarfin kai tsaye daga na'urar awo ba sai an buga da hannu ba, don wajen bugawa ne 37 ke zama 370. Ku tambaya ko tana magana da kwamfutar asibiti ta HL7, tsarin da kwamfutocin asibiti ke musayar bayanai da shi. Ku tambaya kuma in intanet ya ɗauke ko an ɗauke wuta me zai faru, domin magani ba zai daina raguwa yana jiran netwok ba.

Inda abin ya fi ɗaga min hankali shi ne aikin jini, a ɗebi jinin mutum a haɗa fararen ƙwayoyinsa da maganin a mayar masa. Nan in aka yi musanya ba radiyeshon ɗin banza kawai aka ba shi ba, jinin wani aka sa masa. A 1992 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan marasa lafiya da aka yi wa allura da jini ko kayan masu HIV bisa kuskure a sashen nukiliya. In kuna wannan aikin, manhajar da ba ta bin jini tun daga ɗiba har mayarwa da lamba ɗaya, wallahi ku bar ta ko nawa aka rage muku.

Sai takardar sitikar kanta. Irin ta rasit ɗin POS wadda zafi ke rubutawa tana dushewa, sifirit na taɓa ta sai ta yi baƙi, mu kuma kullum cikin goge-goge muke. Ku sayi firinta mai ribon da sitika ta roba, kuma ku tabbatar ana samun ribon ɗin a kasuwa kusa. Ranar gwaji ku sa a buga guda biyu, ɗaya a sirinji ɗaya a kwanso, ku goga musu auduga da sifirit, ku ba ma'aikacinku ya haska da safar hannu ta bayan gilashin dalma, ku ƙirga sau nawa ya karanta a bugu ɗaya cikin ashirin.