Brothers: sojan da aka yi wa zaman makoki sai ga shi ya dawo

Duk mai neman fim ɗin harbe-harbe da tashin bama-bamai tun yanzu nake gaya masa kar ya ɓata datarsa a kan Brothers, don fagen daga a cikinsa bai taka kara ya karya ba, yawancin rigimar a kicin da wajen cin abinci take. Fim ɗin Amurka ne na 2009, Jim Sheridan ya ba da umarni, asalin labarin kuma daga wani fim na ƙasar Denmark na 2004 aka ɗauko shi. Ni a waya na kalla nan Agege bayan na taso daga kasuwar Mile 12, da rubutun nan na ƙasa, saboda turancinsu ta hanci yake fita.

Tobey Maguire, wanda muka sani a Spider-Man, shi ne Kyaftin Sam Cahill, mai mata da 'ya'ya mata biyu. Ƙanensa Tommy (Jake Gyllenhaal) fitowarsa ke nan daga gidan yari kan fashin banki, ubansu kuma tsohon sojan Vietnam ne mashayi wanda kullum sai ya goranta wa ƙaramin cewa bai kai yayansa ba. Aka tura Sam Afghanistan, aka harbo jirginsu mai saukar ungulu, sojoji suka zo har gida suka ce wa matar Grace (Natalie Portman) mijinta ya rasu, aka yi addu'o'i babu gawa, alhali yana can a hannun 'yan Taliban shi da wani ƙaramin soja, har suka tilasta masa ya kashe yaron da hannunsa da wani bututun ƙarfe.

A gida kuma Tommy ya shiryu, ya gyara wa Grace kicin, yana wasa da yaran, shaƙuwa ta shiga har sau ɗaya suka ɗan zarme suka sumbaci juna sannan kowa ya ja da baya. Nan fa na tsayar da fim ɗin ina tunani, da a wajenmu ne ai takaba za ta yi wata huɗu da kwana goma, kuma wallahi akwai dangin da kafin shekara ta zagayo sun fara cewa tunda ƙanin yana kula da marayun me zai hana a yi tuwona maina, yaran su tashi a gidan ubansu. To a ce an ɗaura, sai ga mamaci ya yi sallama a ƙofar gida, wa zai fara amsawa? Su turawan da zargi kawai suka tsaya, kuma zargin ma ya ishi gidan.

Inda fim ɗin ya kama ni shi ne walimar zagayowar haihuwar ƙaramar 'yarsu, bayan an ceto Sam ya dawo gida. Kowa na zaune, babbar yarinyar tana ta murza balan-balan yana ƙara ƙiiii, uban ya ce ta bari ta ƙi, shi kuma ya rame idanun nan sun fito zuru-zuru, kana ganin jijiyar wuyansa, can ya fizge ya fasa, yarinyar cikin kuka ta ɗora wa uwarta da baffanta ƙaryar da ta ƙarasa rusa shi. Ba bindiga ba komai amma sai da gabana ya faɗi. Yarinyar nan Bailee Madison gaskiya ta fi wasu manyan iya wasa. Bayan nan ne Sam ya ɗauki ƙarfe ya ragargaza kicin ɗin, 'yan sanda suka zo ya ɗora bindiga a kansa.

Mu da ke Legas wannan ba baƙon abu ba ne, ga barikin Ikeja ga na Ojo ga Bonny Camp, kuma da yawan waɗanda ke ciki 'yan uwanmu ne 'yan Arewa, wasu sun yi Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na yanzu kuma Borno ake kai su. Akwai wani dattijo a layinmu, Baba Soja muke ce masa, da yara sun fara fasa banga, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, a watan Disamba sai ya shige ɗaki ya kulle, mutane su ce ai aljanu ne ko sammu aka yi masa a can. Wannan fim ya nuna abin ƙarara: mutum ya ga abin da ba zai iya gaya wa matarsa ba, shirun ya koma zargi, zargin ya koma duka da fashe-fashe. A Oshodi akwai cibiyar da ake koya wa sojoji sana'a kafin ritaya, abu ne mai kyau, amma walda da kiwon kaji ba sa hana mutum firgita cikin barci, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne irin na asibitin Yaba, wanda mu kuma kunyar zuwa muke ji.

Abin da bai yi min ba, 'yan Afghanistan ɗin kaf an nuna su ba imani ba tausayi, ko mutum ɗaya na kirki mai magana babu, ƙasar da Amurka ta shekara 20 tana yaƙi a ciki daga 2001 zuwa 2021, sai ka ce su ba su da matan da aka bari da marayu. Sannan ƙarshen an yi shi a gurguje, Sam yana asibiti ya faɗa wa Grace gaskiya sai kawai aka rufe, matar yaron da ya kashe kuma an bar ta a duhu, ni kam ita na so in ga an je an fuskanta.

Duk da haka ya cancanci kallo, bai kai awa biyu ba. Amma kar a kunna shi gaban yara, akwai zage-zage da wurin kisan nan mai tayar da hankali, kuma in akwai wanda ya dawo daga daji a gidanku a fara tambayarsa tukun ko zai iya.